Ranar da na kai ɗiyata Dabai a kan maganar gadon fargaba

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa Zuru na haifi ɗiyata ta fari. Maigidana soja ne, yana can kudu, daga ni sai ita a ɗakin haya. In ta yi atishawa, asibiti. In barcinta ya yi tsawo, asibiti. Har na taɓa kai ta don ta wuni tana kallon bango.

Nas ɗin da ke awon yara ta gaji da ni. Wata rana ta juya yarinyar gaba da baya, ta miƙo min ita, ta ce, "Maman bebi, wannan lafiyarta ƙalau, ke ya kamata a duba. Mamarki ma haka take?"

Na ce me ya kawo Mama cikin maganar.

Ta ce likitoci na bincike a kan wani sinadari na ƙwaƙwalwa, sirotonin, da abin da ke kwashe shi in ya gama aikinsa. Wai ba iri ɗaya kowa ke gada ba, kuma ana zaton masu wani irin, in wahala ta same su, damuwa da baƙin ciki sun fi saurin kama su. Ta ƙara da cewa ba a gama tabbatarwa ba, kuma irin zaman da mutum ya yi ma yana da nasa hannun. Ni dai gadon kawai na riƙe. Na dubi ɗiyata, goshinta a tamke kamar mai tunanin shuka. Na ce shi ke nan, na zuba wa baiwar Allah abin da ba ta roƙa ba.

Washegari na goye ta na hau kabu-kabu zuwa Dabai, garinmu, in ji daga bakin Mama. Ina ta cewa a hankali, har mai babur ya ce, "Madam, in na ƙara ragewa faɗuwa za mu yi."

Mama na surfen dawa. Tana ganina ta saki taɓarya.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Mama."

"To an kore shi daga soja ke nan."

Na zauna a tabarma, na sauke yarinyar, na yi mata bayani. Ranta ya ɓaci. "A zuriyarmu babu mai fargaba. Je ki tambayi dangin ubanki." Tana faɗa tana taɓa maɗigar jikarta, tana leƙa idonta, tana tambaya ko na shinshina bakin mai babur ɗin in ji ko ya sha giya kafin in hau.

Sai ga Kaka, uwar Mama, ta fito daga bayan rumbu. Tun da ta ji ƙarar inji ta laɓe, don a wurinta babur ba ya shigowa unguwa da alheri. Da ta ji zancen ta ce, "Ni ban san tsoro ba, hankali ne da ni. Tsararrakina marasa shi, yanzu ina suke?"

Muna cikin haka bunsurun maƙwabta ya faɗo ta dangar gida, kare na bin sa. Mama ta haye turmi. Kaka ta koma inda ta fito. Ni kuwa na runtse ido ina kiran Yesu. Da na buɗe, bunsurun ya tsaya a bakin tabarma yana cin dawar da ta zube, ɗiyata ta damƙe gemunsa da hannu biyu tana ƙyalƙyala dariya, haƙoranta biyu a waje.

Na ce, "Mama, ba ta ɗauki gadon ba."

Mama ta sauko, ta daɗe tana kallon ta. "Wannan ta dangin ubanta ce. Irinsu ne ke cusa hannu a rami su ga ko da maciji."

Daga bayan rumbu Kaka ta ce, "Akwai rijiya a gidan hayar nan?"

Akwai, kuma murfinta langalanga ne. Mama ta shiga ɗaki ta ƙulle zannuwanta. Ta ce yarinyar da ba ta tsoron komai ba a barin ta a hannun mutum ɗaya, kuma da ƙafa za mu koma Zuru.