Allon da Ban Wanke Ba

Samari, ba sai na gaya muku sunana ba. Ku tsaya a bakin kasuwar Matameye ku tambayi gidan tsohon nan da ba a ba shi aron ko ludayi, za a nuna muku da baki. Ni ne. Ina so ku ji labarina daga bakina, tun ina da numfashin faɗa, don waɗanda suke ba da shi a gari suna rage mini laifi a wani wuri, su ƙara mini a inda ban yi ba.

Ni ba ɗan ɓarayi ba ne. Ubana manomi ne, gero da wake, bai taɓa ɗaukar zangarniyar wani ba. Shi ya kama hannuna ya kai ni zauren Malam Isiyaku, malamin unguwarmu. Malam siriri ne, mai sanyin murya, bulalarsa ta fi daɗewa a rataye fiye da a hannu. Matarsa, Iya Gambo, ita ce mai zafi, amma ita ke ajiye mini ƙanzo in na zo da yunwa. Kaina ba ya riƙe karatu, ƙafata kuwa ba ta zama. Ban yi nisa ba na gudu, na bi fatake, na koyi hanya da daɗin baki. Ƙarshe na zama ɗan aiken wani jakadan sarki.

Wannan tun kafin Nasara su shigo ƙasar ne, lokacin ana ta ƙara ginin ganuwar Damagaram, ana ɗibar samari daga ƙauyuka su je ɗaukar laka. Wata damina sai umarni ya fito daga fada: a zaga ƙasa a san yawan makarantu da masu karatu a cikinsu. Duk malamin da aka tabbatar yana da makaranta, za a riƙa ba shi hatsi daga zakka, kuma ba za a ɗebi manyan ɗalibansa aikin ganuwa ba. Umarni ne mai kyau, wallahi. Mu da aka ba aikin ne ba mu da kyau.

To, a ƙasarmu ba a ƙirga ƴaƴan mutane kamar awaki. Uwa ta ji kana lissafa ɗanta, sai ta tura shi bayan rumbu, ta ce baki za ka yi masa. Kuma ko an yarda, kowa yana iya tara yaran maƙwabta ya zaunar a ƙofar gida. Saboda haka aka ce alluna za a ƙirga, allunan da ke da rubutu a jiki. Maigidana jakada yana duba su da idonsa, ni kuma ina riƙe da igiya, kowane allo in yi masa ƙulli. Ni ne kuma nake riga shi isa kowane gari in sanar cewa yana tafe. A wannan ƴar tazarar da ke tsakanin isowata da isowarsa na halaka.

Abin ya fara da kaza. Wani malami a wani ƙauye ya soya mini ita, ya ce in ƙara masa ƙulli kaɗan in hannuna ya kai. Na ƙara, ba wanda ya gani. Na ci kaza na yi barci lafiya, har da minshari.

Sai a wajen Dawce wani attajirin manomi, Tanko, ya ja ni gefe. Yana da ƴaƴa maza ƙarfafa, ba ya so a kai ko ɗaya ganuwa.

Ya ce, “Yaro, me ake bukata mutum ya zama malami?”

Na yi dariya na ce, “Karatu, Baba.”

Ya ce, “A’a, a idon jakada nake nufi.”

Na ce, “Alluna.”

Ya ce, “To nemo mini. Ga riga, ga tunkiya da ɗanta.”

Na san inda alluna suke. Lokacin noman farko ne, ɗaliban Malam Isiyaku duk suna gonakin iyayensu, allunansu na jingine a zaure ba mai taɓawa. Kuma na san Matameye ce ƙarshen zagayenmu. Na ce wa raina aro ne kawai, kafin jakada ya iso garinmu na mayar da su. Haka nake gaya wa kaina har na yarda.

Na sami Malam yana feƙe alƙalami. Ya yi murna da ganina, ya sa Iya Gambo ta kawo fura. Na durƙusa na ce, “Allah gafarta Malam, jakada ya ce a kai masa allunanka can masaukinsa a Kance ya gani, don kada a wahalar da kai.”

Iya Gambo ta leƙo ta ce, “Tun yaushe ake kai wa baƙo allo? Shi ba shi da ƙafa?”

Malam ya ce, “Bar shi, ɗanmu ne.”

Shi da kansa ya taya ni ɗaure su a tabarma, muka aza wa jaki. Akwai wani allo ɗaya da ke rataye can sama kusa da rufi, ya sha ƙura. Na miƙa hannu, Malam ya ce, “Bar wancan.” Ban ko dube shi da kyau ba, sauri nake.

Kai, ranar da jakada ya isa gidan Tanko, da kun ga abin dariya. Mutumin da bai san baƙi ko ɗaya ba ya naɗa rawani kamar gammo, ya zauna a buzu yana jan carbi, alluna jere a bayansa. Jakada ya duba rubutu, ya yaba kyan hannu, ya ce in ƙulla. Na ƙulla. Da yamma na kwashe alluna na wuce gaba da su, domin labari ya riga ni, wani ma yana so. Allunan Malam Isiyaku suka zama makaranta a ƙauye bayan ƙauye. Na sami riguna, na sami awaki, ƴanmata suka fara sanin sunana.

Muna wajen garin Ɗan Barto, na bar allunan a gidan wani da zai zama malami washegari, sai jakada ya tashi da ciwon baya. Ya ce ya gaji da ƙauyuka, mu juya Matameye yanzu, a gama da ita ya huta. Na kawo dalili, na kawo wani, ya daka mini tsawa. Haka na bi bayan dokinsa har ƙofar zauren da na yi rarrafe a ciki.

Malam ya fito da fara’a, ya shimfiɗa buzu. Jakada ya duba bango, ya duba kusurwa, ya ce, “Malam, ina allunan?”

Malam ya buɗe baki zai amsa, sai ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina murza igiya. A nan ya gane komai, na ga lokacin da ya gane. Kalma ɗaya zai faɗa, a ɗaure ni a wurin.

Ya ce, “Na ba da aro.”

Jakada ya ce, “Wa ka ba?”

Malam ya ce, “Wanda na ba wa, shi zai kawo.”

Na ji motsin Iya Gambo a bayan zana, na ji Malam ya yi gyaran murya, motsin ya tsaya. Jakada ya ɗaga kai ya hango allon nan na sama, ya sa aka sauko da shi, ya hure ƙura. Sai na ga tsagar da ke gefensa, wadda ni na yi ranar da na jefi kare da shi. Allona ne. Rubutun Malam na ƙarshe da ya yi mini yana nan, ban biya ba na gudu.

Jakada ya ce, “Wannan fa, na wa?”

Malam ya ce, “Na wani ɗalibina ne. Ya tafi bai biya karatunsa ba, ina jiransa.”

Jakada ya yi tsaki ya ce allo ɗaya ba makaranta ba ne. Mutanen unguwa suka yi ta rantsuwa cewa nan ƴaƴansu ke karatu, ya ce shi abin da idonsa ya gani zai kai fada. Ya juyo gare ni ya ce, “Kada ka ƙulla.” Samari, bakina yana nan, harshena lafiya lau. Na naɗe igiya na sa a aljihu, na riƙe masa linzami ya hau.

Na so in mayar da allunan daga baya, amma da wane ido? Na bar su a hannun masu rawunan ƙarya, su Tanko suka raba a tsakaninsu. Bayan kaka aka raba hatsin zakka, ba a kai wa Malam ko zangarniya ba. Dogarai suka zo suka tafi da manyan ɗalibansa ganuwa, su ne masu yi masa noma da itacen wutar karatu. Iyaye suka tsorata, suka kwashe sauran ƴaƴansu suka kai inda aka ce akwai makarantar da sarki ya sani. Wasu har gidan Tanko aka kai su, suka yi masa noma kyauta. Ni kuwa na daina bi ta unguwarmu, in na shigo gari sai in zaga ta bayan marina.

Asirina ya tonu a shekara ta gaba. Alƙali ya aiko wani gwani, mahaddaci, ya ga yadda makarantun nan suke tafiya. Ya sauka gidan Tanko, ya miƙa masa allo ya ce ya ja masa baƙi. Tanko ya yi tari, ya ce idonsa na ciwo, ya ce azumi yake. Gwani ya dubi rubutun da kyau ya ce ya san hannun nan, tare suka yi karatu da mai shi. Kafin a ɗaga bulala Tanko ya ambaci sunana.

Aka kai ni Damagaram a ɗaure. Alƙali ya ce da kaya na sata da hukuncina ya fi sauƙi, amma ni makaranta na sata. Aka yi mini bulala, aka sa mini mari a ƙafa, aka jefa ni gidan yari. Ɗaki ne mai duhu da ƙuma, da rana a fito da mu ɗaukar laka, a ganuwar nan dai da na tura ƴaƴan mutane. A can na haɗu da ɗaya daga cikin ɗaliban Malam, ya rame, kafaɗarsa duk gyambo. Bai zage ni ba. Ya dube ni, ya matsa da kwandonsa can nesa.

Ba bulala ce ta fi ci mini rai ba, kaɗaici ne. Ɓarayin shanu ma suna da masu kawo musu fura ranar Juma’a, ni ba wanda ya taɓa kiran sunana a ƙofa. Ubana ya rasu ina ciki, wani baƙon fursuna ne ya faɗa mini a cikin hira, bai san ni ne ɗan ba. Ƴan ɗakin kansu ba sa cin tuwo da ni, suna cewa hannuna ya taɓa abin Allah da cuta. Na daina ƙirga damina. Abin da ya riƙe ni shi ne ƴan ayoyin nan na allona, waɗanda na kasa riƙewa ina yaro. Farkonsu kawai na tuna, wani tsohon fursuna ya riƙa biya mini su har suka zauna. Na ƙudura in na fita zan je in durƙusa gaban Malam in biya masa, ya ce in wanke. Kun san ƙa’ida, ɗalibi ba ya wanke allonsa sai malaminsa ya saurara ya ba shi izini.

Da aka sake ni gemuna ya fara fari. Na taka da ƙafa har Matameye, ban tsaya ko’ina ba sai unguwarmu. Zauren ya rufta, awaki na kwance inda muke zama. Na yi sallama, na sake yi. Iya Gambo ta fito da sanda, ta tsufa ƙwarai, ta daɗe tana kallona.

Ta ce, “Sai yanzu?”

Na ce, “Iya, Malam fa?”

Ta ce, “An gyara masa suna a fada, an ce ya sake buɗewa. Da wa zai buɗe? Yara sun watse, shi kuma ƙarfi ya ƙare. Bara waccan muka kai shi makwancinsa.”

Ta shiga ciki ta fito da allon, ta miƙo mini daga nesa. Ta ce, “Har ya kwanta ciwo yana cewa kada a taɓa wannan, mai shi zai zo ya biya. Shi ya yafe maka tun ranar. Ni ban yafe ba, kada ka tambaye ni.” Ta saki labule.

Tun daga nan nake zaune ni kaɗai a bakin gari. Na tuba, Allah ne shaida, kuma ina sa rai da rahamarsa. Na koyi sassaƙa, ina yin alluna in ajiye a ƙofar masallaci ba da suna ba, domin in an san nawa ne wasu ba za su ɗauka ba. Ban yi aure ba, ba wanda ya ba ni. In na yi rashin lafiya, sai in ji muryar yara suna karatu daga wata unguwa, in yi ta kuka kamar ba namiji ba.

To ku ji, ƴaƴana. Wata rana za a ba ɗayanku aikin ƙirga, ko na makarantu, ko na rumbuna, ko na marayu. Za ku ga kamar ƙulli ne kawai a igiya. Ba ƙulli ba ne, tuwon wani ne, kafaɗar ɗan wani ce. Kada ku ci kazar farko. In kuma kun riga kun ci, kuka tsinci kanku a tsaye gaban wanda ya yarda da ku, ku buɗe baki a ranar, ko za a ɗaure ku. Ɗaurin da na guje wa ya same ni duk da haka, kuma ya same ni ba Malam.

Allon yana nan rataye a ɗakina, tawadar ta koɗe ta yi ja. Kullum da asuba nakan sauko da shi in biya, ba na kuskure ko wasali ɗaya. In na kai ƙarshe sai in yi shiru in jira kaɗan. Sannan in tashi in mayar da shi inda yake.