Na Yi Sujada Na Kasa Ɗagowa

Malam Habu, jiya bayan na dawo daga sallar asuba na koma na kishingiɗa, sai na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Ban faɗa wa kowa ba, ko Ladi matata ba ta sani ba. Kai ne ka yi karatu a cikinmu, kuma kai ka san ni tun ina jan babbar mota, shi ya sa na ce bari in rubuto maka.

Ka dai san halin da nake ciki. Tun da na ajiye tuƙi jiki ya buɗe, tumbi ya sauko, yau shekara biyu ke nan a kan kujera nake sallah. Watan jiya likita ya sa na zauna ya ce in tashi ba tare da na dafa komai ba, na kasa. Ya matsa cinyata ya ce, "Baba, girman nan da kake gani ba ƙarfi ba ne. Kitse ne ya shiga cikin tsokar, ita kuma tana ta ƙanƙancewa a ƙarƙashi, ga nauyin da take ɗauka kullum ƙaruwa yake." Na yi masa dariya a lokacin. Na ce shi bai ga lokacin da nake ɗaga tayar tirela ni kaɗai ba.

To, a mafarkin, ga ni a tsohuwar tasharmu ta Funtuwa da rana tsaka. Babu kowa. Ƙasan tashar duk an shimfiɗa masa farin tayil irin na asibiti. Motata tana tsaye, tayar baya ta sace, ga sabuwa a jingine. Na sunkuya zan ɗaga ta kamar yadda na saba, hannuwana suka lanƙwashe. Ba ciwo, ba komai, kawai sun yi laushi kamar burodin da aka tsoma a shayi. Na danna damtsena da yatsa, yatsan ya shige har ƙarshe, ban taɓo wani abu mai tauri ba.

Sai kawai na gan ni a rumfar mahauta. Wani mahauci da ban ga fuskarsa ba yana fawa, ya juya mini baya. Ya ɗora wata ƙatuwar cinya a kan teburi ya tsaga ta da wuƙa. Ciki duk fari fat, jan naman ɗan siriri ne kamar zare, yana ratsa kitsen nan da can. Ya ce, "Taka ce." Na ce, "Tawa kamar yaya? Ga ƙafafuna a jikina." Ya ci gaba da tsintar jan naman da bakin wuƙa yana tarawa a gefe, duk abin da ya tara bai cika tafin hannu ba. Na ce masa, "Don Allah mayar mini da abina." Ya goge wuƙarsa a riga.

Sai kawai ga ni a masallacin unguwarmu, ana azahar, ina sahun farko a tsaye. Na nemi kujerata ban gan ta ba. Liman ya yi kabbara, muka yi ruku'u, muka tafi sujada, ni ma na tafi. Malam, goshina ya taɓa ƙasa. Na ji sanyin tabarma a goshi da karan hanci, abin da na shekara biyu ban ji ba. Hawaye suka zubo mini don daɗi.

Liman ya ce Allahu akbar, kowa ya ɗago, ni na kasa. Na tokare da tafin hannu, gwiwar hannuna ta hau rawa. Na ce wa cinyoyina su tura, ba su ji ni ba, kamar ina magana da ƙafafun wani. Tumbina ya danne mini numfashi. Ina jin su suna ta tashi suna komawa, har aka yi sallama. Mutane suka fara fita, ina ganin ƙafafunsu suna kewaye ni. Wasu na gane su da takunsu. Na ce, "Jama'a, ku kama ni." Muryar ta tsaya a cikin tabarma. Wani ya kashe fanka, ya ja ƙofa.

A nan ne na ji Ladi tana kira na. "Alhaji! Alhaji!" Muryar ba ƙarfi, irin wadda take yi idan jiri ya ɗebe ta. Sai kawai bangon gabas na masallacin ya zama zauren gidana, ina hango tsakar gida. Ga ta kwance a bakin famfo, ɗankwalinta ya faɗi, famfon yana zuba, ruwa yana taruwa a gefen fuskarta. Tsakanina da ita bai fi taku goma ba.

Na fara jan ciki. In ja kaina gaba kaɗan, sai in ji sauran jikina yana can baya bai biyo ni ba, kamar an ɗaura mini buhunan masara a ƙugu. Ina cewa, "Ga ni nan, Ladi, ɗaga kanki, ga ni nan." Ruwan ya kai kunnenta.

Sai kawai ga mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya fito daga ɗakin da muke ajiye kaya, da fartanya a kafaɗa. Yana nan yadda ka san shi, siriri, ƙwaurinsa duk jijiya. Ya tsaya a kaina. Na miƙa masa hannu na ce, "Baba, kama ni, ko kuwa ka ɗaga mini ita." Ya dube ni ya daɗe. Ba fushi a fuskarsa, ba tausayi. Ya ce, "Garba, tashi mana." Na ce, "Baba, na kasa." Ya sake cewa, "Tashi mana," ya wuce ta zaure ya fita.

Na juyo wajen Ladi. Ta daina kira.

Na farka ina haki, matashin kaina sharkaf da gumi. Rana ta fito. Ina jin ƙarar cokali a kicin, Ladi tana dama koko, lafiyarta ƙalau. Na yunƙura in je in gan ta da idona, sai a yunƙuri na uku na bar gado, shi ma sai da na riƙe ƙarfen taga.

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Kafin azumin bana jininta ya hau, ta faɗi a tsakar gida da gaske. Mu biyu ne a gidan, yara duk suna Kaduna. Na durƙusa zan ɗaga ta, na kasa ɗaga ta, ni ma na kasa tashi. Haka muka zauna a ƙasa ina ƙwala wa maƙwabta kira, har matar maƙwabcinmu Malam Iro ta ji ta shigo. Ladi ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ni ma haka.

Malam Habu, don girman Allah ka duba mini. Sujadar da ba a ɗagowa, ajali ne ake nuna mini? Idan nawa ne, na karɓa. Amma me ya sa muryar Ladi ce ta ɗauke? Kuma Baba da ya ƙi ba ni hannu, ya juya mini baya ke nan, ko yana nufin da sauran abin da zan iya tashi da shi?