Mutum Talatin da Huɗu, Ƙuri'a Ɗaya

Bana shekara bakwai ke nan da aka kai yayana Haladu makwancinsa. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama, nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ƙi yiwuwa, domin na ga wani abu da idona wanda ya ɓata mini rai matuƙa, kuma abin haushin shi ne har da hannuna a ciki.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Haladu mai gyaran kwamfuta ne a Birnin Kudu, a wani ɗan tsukukun shago kusa da tasha. Tsofaffin kwamfutocin da saura ƙiris a miƙa wa 'yan gwangwan su yake nema, ya kakkaɓe su, ya zuba musu wata babbar manhaja ta kyauta, wato wadda ke tafiyar da kwamfutar baki ɗaya. Masu sa kai ne daga ƙasashe daban-daban suka gina ta, ba sa karɓar ko sisi. Yaya yana son mutanen nan kamar kakansu ɗaya, alhali ko hotonsu bai taɓa gani ba. Da hannunsa ya raba irin waɗannan kwamfutoci har cikin Gwaram, ga malaman makaranta, ga masu buga takardu, ga wani mai kantin iri da taki a Kwandiko. Ni ma ya ba ni ɗaya, lokacin ina koyarwa a Basirka.

Manhajar tana da kirki, ban taɓa musun wannan ba. Aibinta ɗaya ne, amma babba. Lokaci zuwa lokaci takan sabunta kanta, kuma idan aka ɗauke wuta tana tsakiyar haka, shi ke nan, kwamfuta ta sume. Ka kunna, ka kashe, ka yi salati, ba za ta tashi ba sai an ɗaure ta a bayan babur an kai wa Yaya. Ni ta yi mini ana jibi jarrabawa, da tambayoyin aji uku da na shafe mako biyu ina bugawa a cikinta. A allo na rubuta abin da na iya tunowa, yara suna jira, alli yana karyewa a hannuna don takaici. Kwana huɗu kafin ta dawo.

Masu manhajar suna da wani shafi a intanet inda duk mai amfani da ita zai iya rubuta shawarar gyara. Wanda ya ga shawarar ta shafe shi sai ya danna alamar goyon baya. Shawarar da ta tara mutane ita ake dubawa. Yaya ya ce to, ga ƙofa a buɗe, mu ma mu kai kukanmu. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: kafin manhaja ta taɓa kanta, ta ajiye tsohon tsarinta a gefe, in wuta ta tafi ta koma inda take.

Sai ya yi abin da kowane ɗan gari mai tarbiyya zai yi. Ya aika wa duk wanda ya taɓa ba kwamfuta, aka taru a ƙofar shagonsa wata Asabar bayan la'asar, maza a kan benci, mu mata uku a ciki. Kowa ya faɗi yadda ta yi masa. Da aka gama, Malam Isiyaku, dattijo mai buga takardun koke a Basirka, ya ce, “Malam Haladu, kai ne bakinmu. Abin da ka faɗa, mu muka faɗa.” Aka yi fatiha aka watse.

Wasiƙa ɗaya ya rubuta. Ya fara da gaisuwa, ya tambayi lafiyarsu da ta iyalansu, ya gode musu, ya yi musu addu'a, sannan ya shigo da buƙata a hankali kamar mai neman aron gona. A ƙasa ya jera sunayenmu, mu talatin da huɗu, kowa da garinsa da sana'arsa. Na tuna har wanka ya yi ya sa sabuwar riga ranar da zai aika.

Shafin ya ƙirga mu mutum ɗaya. Shi ba ya ƙirga sunayen da ke cikin wasiƙa, yatsun da suka danna yake ƙirgawa, kuma yatsa ɗaya ne ya danna.

Bayan makonni wani daga cikin maginan ya amsa da layi biyu. Ya ce sun gwada a wurinsu ba su ga matsalar ba, kuma mai wannan damuwa ya nemi batirin da ke riƙe wuta. Har yau idan na tuna jinina tafasa yake yi. Ta ina za ku ga matsalar ɗauke wuta a garin da ba a ɗauke wuta? Wanda yake da halin sayen wannan batir, me zai kai shi ga kwamfutar da aka tsamo daga bakin gwangwan? Na san kyauta suke aiki, na san ba su ci mana komai ba. Amma su ne suka rubuta a goshin shafinsu cewa manhajar ta kowa ce. In ta kowa ce, to har da wanda wutarsa ke zuwa kamar baƙon da bai yi sallama ba, ta kuma tafi ba bankwana.

Sai dai fushina bai tsaya a kansu ba, kuma nan ne maganar take yi mini ɗaci. Yaya ya gane inda kuskuren yake. Ya hau babur ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, yana roƙon kowa ya yi rajista da sunansa ya danna da kansa. Ba wanda ya yi. Malam Isiyaku har ransa ya ɓaci. Ya ce, “Haba Malam Haladu! In na sake magana bayan ka yi, ai na nuna wa duniya ban yarda da kai ba ke nan. Wa ya taɓa tura wakili sannan ya bi shi a baya yana maimaitawa?” Sauran duk suka tsaya a kan haka, suna ganin girmama shi suke yi.

Ni ba ni da ko wannan uzuri. Ya same ni ina makin takardu, ya miƙo mini wayarsa ya ce minti biyar kawai. Na ce, “Yaya, kai ma dai da naci kake. Turawan nan sun ce ba su gani ba, ka bar su mana.” Ya mayar da wayar aljihu, ya tambaye ni lafiyar yara, ya tafi.

Shafin nan yana da wata ɗabi'a. Duk bayan wata shida, idan shawara ta yi shiru, na'ura takan aiko da tambaya ko mai ita yana nan a kan bakansa. In ba a amsa ba sai ta rufe. Shekara biyu Yaya yana amsawa shi kaɗai. Ta ƙarshe a gadon asibiti ya amsa ta, 'yan watanni kafin rasuwarsa, matarsa Aunty Rabi tana riƙe masa wayar, tana yi masa faɗa ya huta. Ni ban san da wannan ba sai bana da take ba ni labari.

Abin da ya tono maganar shi ne, a watan jiya kwamfutar wata abokiyar aikina ta sume daidai yadda tawa ta yi. Manhaja ɗaya, cuta ɗaya, bayan duk waɗannan shekaru. A tsawon lokacin nan sun canza mata launi ban san sau nawa ba, sun gyara kusurwoyin akwatuna sun zama masu lanƙwasa, an yi ta tafi. Sai na nemo shafin Yaya. Wasiƙarsa tana nan da gaisuwarta da addu'arta, ga sunana na goma sha ɗaya. A ƙarƙashi an rubuta cewa an rufe shawarar saboda mai ita bai amsa ba. Na duba ranar. Kwana arba'in da 'yan kai bayan rasuwarsa ne. Muna can muna rabon sadaka, na'ura tana nan tana rubuta shi a cikin waɗanda suka yi watsi da maganarsu. Mutumin da bai taɓa barin sallamar yaro ba amsa ba!

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Wutar sola ta shigo, zai yi murna da ita, ko da yake zai lura batirinta ma yakan mutu da rana tsaka in hadari ya haɗu. Abin da na tabbata zai ba shi dariya mai ciwo shi ne, mutanen nan da suka ce rashin ladabi ne mutum ya yi magana bayan wakilinsa, yau kowannensu yana da shafi uku a waya. A kan rigimar ƙwallo ko ta siyasa ba mai tura wakili, kowa da yatsansa yake zuwa tun da asuba. Ni ma a cikinsu nake, kada wani ya ce na ware kaina.

Me ya rage na Haladu? Shagon ya koma na mai cajin waya. Kwamfutocinsa wasu suna nan suna aiki, ta Malam Isiyaku har yanzu koke take bugawa. Ya bar 'ya'ya huɗu masu kunya da gaskiya irin tasa. Ya kuma bar magana guda wadda ya yi daidai a kanta, wadda muka ɗora masa muka koma gefe muna kiran hakan girmamawa.

A ƙasan shafin akwai ɗan rubutu da ke cewa ana iya sake buɗe shawara idan wani ya nuna abin yana damunsa. Na yi rajistar. Minti biyar ɗin da ya faɗa ma ba ta kai ba, kuma na yi kuka bayan na gama. An buɗe, ƙuri'a ta zama biyu. Ban sani ba ko maginan za su waiwaye mu, wannan tsakaninsu da Allah. Amma tambayar na'ura ta gaba a wayata za ta sauka, kuma ba ni da niyyar amsa ta ni kaɗai.

Na kwafe sunayen nan a takarda. Shida sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu tare da Yaya. Sauran kun san kanku, ni ma na san gidajenku, daga Birnin Kudu har Kwandiko. Ranar Asabar zan fara da Malam Isiyaku. Kada kowa ya shimfiɗa mini tabarma, kada a ce mini ni ce bakinku. Ku dai yi cajin wayoyinku.