Goggo Ta Je Neman Mijinta a Majigi

Jiya na ji ƙarar bindigogi a talabijin, sai Goggo, yayar babana, ta faɗo mini a rai. Ina budurwa aka kawo majigin yaƙi Dutsin-Ma. Ta taso daga Kurfi a ƙafa, don mijinta ya tafi yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, bai dawo ba, ta zaci za ta ga fuskarsa. Muka zauna kan tabarma, tana ƙamshin man shanu, ta riƙe hannuna gam.

Fitattun 'yan wasan Turawa kaɗai aka nuna. Tsofaffin sojojinmu suka yi ta tsaki: "Ƙarya ce! Ina mu?"

Goggo ta tare mai majigin: "Malam, ko gawarsa ba ku ɗauka ba?"

Allah ya jiƙanta, ya sada su a Aljanna.