Dinyoyin Cyril Gozzard

Cyril Gozzard bai taɓa jerawa da kowa a hanya ba. Ko coci za a je ko kasuwa, sai ya bari kowa ya wuce, sannan ya biyo baya da taku uku, hannuwansa a ɗan buɗe kamar mai shirin tare wani abu. Shekara arba'in da huɗu matarsa Doreen tana mita a kan haka. Ta ce duk garin nan ita kaɗai ce sai ta waiwaya take hira da mijinta. Shi kuwa yakan ce daga baya an fi ganin hanya.

Raba wasiƙu ne aikinsa, a ƙauyenmu da gonakin da ke cikin fadamun Lincolnshire. Har ya yi ritaya bai taɓa kai wa wani Gozzard wasiƙa ba in ba ƙofar gidansa ba. Ɗa ɗaya suka haifa, Colin, wanda ya daɗe bai yi aure ba, da ya yi kuma aka daɗe shiru. Cyril yana da shekara saba'in da ɗaya aka haifa masa jika mace.

Matar Colin, Hazel, ba ta ajiye sunan gidan ubanta ba da ta yi aure. Ashdown take amsawa. Kwana uku da haihuwa, ana shan shayi, ta ce jaririyar ma Ashdown za a rubuta mata.

"Ba raini ba ne, Baba," in ji ta. "Namu na san ma'anarsa, tudu ne mai itatuwa. Naku fa? Duk wanda na faɗa wa a waya sai ya ce in maimaita."

Colin ya duƙufa yana kallon cikin kofinsa, kamar an jefa masa wani abu a ciki. Doka ta ba iyaye kwana arba'in da biyu su yi rajistar haihuwa. Hazel ta ce in Baba ya samo ma'anar sunan kafin nan, za ta sake tunani. Ba ta yi alkawarin komai ba.

Cyril ya hau bas har sau uku zuwa gidan ajiye tsofaffin takardu na babban gari. A zuwa na uku wata dattijuwa mai tabarau ta buɗe masa wani littafi, ta ce sunan nasu kalmomi biyu ne na mutanen da, bakuna suka goge su har suka manne: dinya da makiyayi. Kakanninsa masu kiwon dinyoyi ne. In kaka ta yi sukan kora garke da ƙafa, mako da makonni, zuwa kasuwannin birni. Kafin a tashi sai a bi da tsuntsayen ta cikin kwalta mai ɗumi, sannan ta cikin yashi, shi ne takalminsu.

Da ya gaya wa Doreen, dariya ta yi har sai da ta nemi kujera. Ta ce ashe shekara arba'in da huɗu kiwonta ake yi ba ta sani ba. Wannan dariyar ce ta hana shi zuwa gidan Hazel. Ya kwana goma yana juya maganar a baki, duk yadda ya ɗora ta sai ya ji ba za ta tsaya kusa da tudu mai itatuwa ba.

Saura kwana biyar wa'adi ya cika, ya je wata gona mil biyu daga ƙauye ya sayi dinyoyi shida. Manomin ya ce zai kawo su a mota. Cyril ya ce a'a, a buɗe masa ƙofa kawai. Ya riga ya sayi gwangwanin kwalta, amma Doreen ta ce in ya taɓa ƙafar tsuntsu da shi, shi ma sai ya taka. Don haka ba takalmi aka tashi.

In akwai wani abu a jini, dinyoyin ba su ji labari ba. Kafin a kai gadar ƙauye babban namijin ya cije shi a cinya sau biyu. Biyu suka faɗa lambatu suka yi wanka a tsanake. A bakin ƙauye duka shidan suka shiga lambun limamin coci, suka gaisa da kabejinsa. Mutane suka fito ƙofar mashaya da kofuna a hannu. Wani tsohon abokinsa ya tambaye shi ko wasiƙun yanzu tafiya suke da ƙafarsu. Cyril ya ɗaga masa hula ya wuce.

Tun ƙarfe tara aka kama hanya, sai wajen biyu suka iso layin su Colin. A nan ƙaramar cikinsu, wadda ta soma ɗingishi, ta zauna a tsakiyar titi ta ƙi tashi. Biyar suka yi gaba. Cyril ya kewaya ya taro su, ya dawo ya tsaya bayan ƙaramar, hannuwa a buɗe, yana jira. Mota ta yi ta ham, bai motsa ba.

Hazel ta fito da jaririya a kafaɗa. Ta tambaye shi me ke nan. Ya faɗa mata ma'anar sunan a kalma biyu, idonsa na kan tsuntsuwar.

"Ku ɗauke ta mana, Baba. Ai ba ta da nauyi."

"In na ɗauke ta hannuna ya cika. Sauran fa?"

Ta tsaya nan tare da shi kusan rabin awa, har ƙaramar ta ga dama ta miƙe. Masu leƙe ta taga sun ce sun ga bakin Hazel yana motsi, tana ƙirgawa. Shida aka saya, shida suka shiga gida.

Ranar kwana na arba'in da ɗaya Doreen ta sami takardar rajistar haihuwa a jingine da butar shayi. Cyril ya sa tabarau ya karanta: Nell Gozzard. Ya ninke ta, ya ce shayin ya huce.

Daga nan ya yi alkawarin cewa ranar da Nell ta iya tafiya, su biyu za su kora garken har kasuwar babban gari, mil tara, yadda kakanni suka yi. Ya sayi taswira ya soma jan layi da fensir. Nell ta yi tafiya, ta yi gudu, ta shiga makaranta. Wata shekara ruwa ya yi yawa, wata shekara gwiwa ce. Kowa dai ya san abin da ake yi wa dinya a kasuwa gab da Kirsimeti, kuma tuni kowacce ta sami suna.

Ya rasu Nell tana da shekara tara. Dinyoyi huɗu suna nan a bayan gidan Hazel, suna cin kabejinta. Gwangwanin kwalta yana cikin rumfa, ba a taɓa buɗe shi ba. Taswirar tana ƙarƙashinsa, layin fensir ya tsaya a gada.