Baturen da Ya Zauna a Ƙasar Ƙanƙara

Ban taɓa ƙaunar mutumin nan ba, shi ma ya sani. Likitan shanu ne, aka kawo shi Keffi bayan Turawa sun karɓi gari da 'yan shekaru. Ni kuma ina ɗan rubutu, ga Fulatanci a bakina saboda mahaifiyata Bafulatana ce, shi kuma aikinsa da Fulani ne, sai aka ɗora mini koya masa Hausa.

Maimakon ya koya, labari yake ba ni. Kafin ya zo nan, wai ya zauna da wasu makiyaya can ƙarshen arewacin duniya. Ya ce ƙasarsu a daskare take kamar dutse, da zafi ma saman kawai ke narkewa, zurfinsa bai fi taƙi biyu ba. Babu itacen da ya wuce gwiwa. Abin kiwonsu wata irin barewa ce mai ƙaho kamar reshe, takan tona ƙanƙara da kofato ta ci gansakuka. Yanyawarsu tana rikiɗa fara fat da sanyi. Akwai lokacin da rana ke yin makonni ba ta faɗi ba, sauro ya taso kamar hayaƙi.

"To yaushe suke buɗa baki?" na tambaye shi.

Ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce waɗancan su ne makiyaya, namu ragwaye ne, inuwa ta lalata su.

Bayan kaka ya ba da umarni a sare itatuwan bakin rafi da ke hanyar Garaku, wai tsando ke ɓuya a ciki yana kashe shanu. Cikinsu har da ɗorawa huɗu da mahaifiyata ke tsinkar kalwa tun tana amarya. Ni aka sa na faɗa wa masu gatari. Tana tsaye da ƙwaryarta, ba ta dube shi ba, ni ta duba.

Da yamma Baturen ya tsaya a filin da aka sare itatuwan, ya buɗe hannuwa, ya ce yanzu ido yana tafiya, kamar can.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tunda can ta fi, me ya hana ka zama?"

Fuskarsa ta yi ja. Ya ce in maimaita. Na maimaita a hankali, yadda nake koya masa. Washegari mai gadi ya tare ni a ƙofa, ya miƙo mini buzuna da tawadata. Na koma unguwarmu Tudun Ƙofa na kama ɗinkin hula a zauren kawuna.