Bayan An Yi Mana Sallama

Ni mace ce mai baki, kowa a Zumuntar Mata ya san haka. Amma shekarar da maigidana ya faɗi, bakin nan nawa bai amfane ni da komai ba.

Shekara talatin da ɗaya yana koyarwa a makarantun firamare, daga Gwada zuwa Wushishi, daga baya muka zauna a Minna. Duk tsawon lokacin nan maganarsa ɗaya ce: in ya yi ritaya za mu koma ƙauyenmu a kudancin Kaduna, ya noma citta a gonar mahaifinsa. Ya gina ɗaki uku a can, bulo bayan bulo. Har na gaji da jin zancen, nakan ce masa, "Baban yara, ko cittar ce za ta aure ka?" Sai ya yi dariya ya ci gaba da lissafin kadada.

Da ritayar ta zo, muka loda kayanmu a mota aka yi gaba da su, gado da kujeru har da turmina. Ikilisiya ta yi mana sujadar sallama irin wadda ake yi wa masu tafiya ba dawowa. Aka kira mu gaba muka durƙusa, dattawa suka ɗora mana hannu, mata suka raka mu da rawa har bakin titi. Na yi kuka, na kuma yi jawabi mai tsawo, har da yi wa wasu gorin cewa za su yi kewar miyata.

Saura kwana huɗu mu tafi, ya sunkuya zai ɗauki bokiti a bakin famfo, ya faɗi. A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafa suka mutu, baki ya karkace. Likita ya ce sai an riƙa kawo shi gashin ƙashi sau biyu a mako, kuma kada a yi doguwar tafiya da shi. A ƙauyenmu babu mai yin wannan gashin. Mai gidan da muke haya, wani dattijo Musulmi, ya riga ya ba wasu mutane ɗakunanmu, amma ya kwashe buhunan da ke shagonsa ya ba mu shagon. Nan muka zauna da katifar aro da tukunya biyu.

Na daina zuwa coci. Kunya ce, ba zan ɓoye ba. Wadda aka raka da rawa, da wane ido za ta koma ta zauna a benci? Ga kuma fushi. Na yi fushi da Allah sosai. Mutumin nan bai taɓa neman mota ko sarauta ba, gona kawai ya roƙa. In na durƙusa zan yi addu'a, sai in tashi ban yi ba. Ina juya maigidana, ina goge shi, ina ba shi kunu da cokali, yana kallon bango, ba abin da zan iya yi masa.

Wata Alhamis da yamma sai ga uwar zumuntarmu da mata biyar cikin zanen zumunta. Tsohuwa ce Bagwariya daga wajen Tagwai, namiji da mace duk "kai" take ce musu. Ta dube ni ta ce, "Kai, me ya hana ka zuwa?"

Na ce, "Mama, ba na iya addu'a. Ko na buɗe baki ba ta fita."

Ta ce, "To bar shi. Mu za mu yi maka."

Ba ta yi mini wa'azi ba. Biyu suka kwashi wanki, sauran suka zauna a ƙasa suka yi waƙa a hankali, suka yi addu'a, ni ina zaune kamar baƙuwa a ɗakina. Haka suka riƙa zuwa kowace Alhamis. Bai warke ba, ni ma fushina bai tafi gaba ɗaya ba. Amma ranar da suka zo nakan iya cin abinci, in ji kamar Ubangiji bai manta ƙofar shagon nan ba.

Damina ta faɗi, ta wuce. Ban taɓa ce masa ba za mu tafi ba, kullum "in ka ji sauƙi" nake cewa. Wata Lahadi ya nuna rigarsa da hannun hagu, na gane coci yake so. Muka ɗauki keke mai ƙafa uku, maza biyu suka shigar da shi coci. Ba wanda ya yi mana kallon da nake tsoro.

Bayan an tashi, magatakardan ikilisiya ya zo da littafin membobi, yana ta sosa ƙeya. Ya ce, "Mama, an cire sunayenku tun ranar sallama. In sa ku a shafin baƙi kafin Baba ya samu sauƙi?"

Na buɗe baki zan ce e. Maigidana ya kama zanena. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, miyau na zuba, kafin maganar ta fito.

"Ba baƙi ba," in ji shi. "Mayar da mu."

Magatakarda ya rubuta. Na riƙe hannun nan da ba ya jin komai, ina kallon biro yana tafiya.